Hadarin Ƙasa Maganin Mai Kabido: Damina da Fatauci a Ƙasar Rai Buba

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyoyin da suka taso daga Garwa zuwa Rai Buba, Cholire, Madingirin, Tuboro har Mbaibum, ya san cewa shekara kashi biyu take a wurinsa. Akwai watannin da mota ke ratsa mayo tana tayar da ƙura, akwai kuma watannin da mota ke kwana a bakin wannan mayo ɗin, direba da yaransa da masu kaya sun yi jugum sun zuba wa ruwa ido. Mayo dai kalmar Fulatanci ce da ke nufin kogi ko rafi, kuma da yawa daga cikin namu rairayi ne zalla a lokacin rani, har mata kan tona su ɗebi ruwan sha, amma da zarar damina ta kankama sai su koma wani abu dabam.

Abin da ya sa muka ga ya dace mu yi wannan bayani shi ne, mafi yawan asarar rayuka da dukiya da ake yi a waɗannan hanyoyi ba a ƙarƙashin ruwan sama ake yin ta ba. Ɗan kasuwa ya iya tarbar ruwan da ke sauka a kansa, yana da tamfol, yana da leda, yana da rumfa. Ruwan da ke cin mutane da kaya shi ne wanda ya sauka a can wani wuri da ido bai gani ba, ya gangaro ta ƙasa, ya iske mutum a tsakiyar mayo alhali rana na haskawa a kansa. Masu iya magana sun riga sun ba shi suna, suka ce hadarin ƙasa maganin mai kabido.

Yadda ƙasar take

Rai Buba, wanda ake rubutawa Rey Bouba a takardun gwamnati, tsohuwar masarauta ce da Buba Njidda ya kafa a farkon ƙarni na 19, kuma tana cikin gundumar Mayo-Rey mai hedikwata a Cholire, a Yankin Arewa na Kamaru. Gundumar ta yi iyaka da Cadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, shi ya sa kasuwanninta ke tara mutanen ƙasashe uku, ga kuma 'yan Nijeriya da ke shigowa ta Yola da Mubi da kayan masarufi. Daga kudu tsaunukan Adamawa ne suka tokare ta, inda kogin Binuwai ya samo asali a arewacin Ngaundare. Ma'ana, ƙasar gangare ce, duk ruwan da ya sauka a tudu dole ya biyo ta cikinta.

Wani abin lura kuma, ruwan wannan gunduma gida biyu yake rabuwa. Na ɓangaren Rai Buba yana bin Mayo Rey ya faɗa tafkin Lagdo, daga nan Binuwai ta ɗauke shi zuwa Garwa, Yola, Makurɗi har Lakwaja inda ta haɗu da kogin Kwara. Na ɓangaren Tuboro da Mbaibum kuwa, kogunan Vina da Mbere ne ke kwashe shi zuwa Logon, ya bi ta Mundu da Yagwa da Kusiri ya ƙare a tafkin Cadi. Saboda haka ruwan da ya jiƙa mana buhu a nan, bayan 'yan kwanaki shi ne zai shiga shagon abokin cinikinmu a wata ƙasa.

A Garwa ana samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, kuma yana ƙaruwa idan aka nausa kudu. Kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin watan Mayu da Oktoba, mafi yawa a Agusta da Satumba. Ga wanda bai saba da wannan awo ba, milimita ɗaya na nufin lita ɗaya ta ruwa a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Idan aka yi ruwa mai milimita 50 a yamma ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a nan, rufin sito mai mita 10 tsawo da 10 faɗi zai zubar da lita 5,000, wato duro 25 na mai lita 200. To a ƙiyasta abin da tsauni guda zai zubo wa mayo ɗaya.

Yadda hadari ke haɗuwa

Daga watan Maris zuwa Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Garwa, amma busasshen zafi ne. Idan bazara ta yi nisa sai iska ta juya, ta daina busowa daga arewa maso gabas, ta koma tana tasowa daga kudu maso yamma ɗauke da danshin tekun Atlantika. Wannan danshin shi ne ke sa mutum ya wayi gari yana zufa tun kafin hantsi, riga ta manne a jiki, gishirin da ke buhu ya fara tsatstsafo, wankin da aka shanya ya ƙi bushewa da wuri. Zafi da danshi su ne abincin hadari. Rana tana gasa ƙasa, iska mai ɗumi tana tashi sama da tururin ruwa, idan ta kai can inda ake sanyi sai ta zama gajimare. Shi ya sa mafi yawan hadari ke haɗuwa daga azahar zuwa la'asar, musamman a kan tsaunuka, sa'annan ya yi tafiya cikin yamma da dare.

Kakanninmu sun ce hadari daga gabas yake tasowa, kuma masana yanayi sun tabbatar da haka. Manyan hadurran wannan yanki suna jeruwa ne sahu guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, suna tafiya daga gabas zuwa yamma da gudun da ya kai kilomita 50 zuwa 60 a sa'a guda. Wato hadarin da ke nisan kilomita 100 gabas da kai zai iya cim maka cikin sa'a biyu, kuma a kan hanyar ƙasa mai laka babu babbar motar da za ta tsere masa.

Alamominsa a jere suke zuwa. Da farko gari ya yi ɗif, iska ta ɗauke, zufa ta ƙaru. Sai a hango farin gajimare yana hawa sama kamar tulin auduga, kansa ya baje, gindinsa ya yi baƙi ƙirin. Daga nan sai cida daga nesa. Alama ta ƙarshe ita ce sanyayyar iska mai ƙura da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wadda ke zuwa da ƙarfi tana yaye rumfuna da kwanon rufi. Idan wannan iska ta iso, abin da ya rage mintoci ne, kuma mai hankali ya riga ya gama ɗaure kayansa tun a alama ta biyu. Zuwan shamuwa, da fitowar shinge, da kukan kwaɗi, duk suna gaya mana cewa damina ta zo, amma ba su faɗin ranar da mayo zai kawo.

Dattawan kasuwa da dama na cewa ruwan yanzu ya fi na da haushi, kuma akwai binciken da ya goyi bayansu. A shekarar 2017 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Christopher Taylor na ƙasar Ingila sun wallafa sakamakon nazarin hotunan tauraron ɗan'adam, inda suka gano cewa hadurra mafiya tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Bugu da ƙari, duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, tana iya riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100. Ga kuma sare itatuwa don noma da gawayi, wanda ke barin ƙasa tsirara ruwa ya yi ta gudu ba mai tare shi, ga leda da ta toshe magudanai a kasuwanninmu.

Ambaliya iri biyu ce

Da an ambaci ambaliya a wannan yanki, sunan da ke fara zuwa baki shi ne Lagdo. Wannan madatsa tana kan Binuwai kimanin kilomita 50 kudu da Garwa, 'yan ƙasar Sin ne suka gina ta tsakanin 1977 da 1982, an tsara ta don ba da wutar lantarki megawat 72, kuma tafkinta ya kai murabba'in kilomita 586. Idan ta cika dole a buɗe ƙofofinta, in ba haka ba ta ɓalle. A 2012 ruwa ya mamaye garuruwa da gonaki a bakin Binuwai, har shugaba Paul Biya ya zo Garwa da kansa a watan Satumba na wannan shekara don duba ɓarnar. A Nijeriya hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ce ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu a can sun haura 600. Madatsar Dasin Hausa da aka yi niyyar ginawa a jihar Adamawa don ta tare ruwan Lagdo ta shafe shekaru da dama tana kan takarda.

Sai dai irin wannan ambaliya tana yin sallama. Hukumomi kan ba da sanarwa game da buɗe ƙofofi, ruwan kuma a hankali yake hawa, mutum na iya kafa sanda a bakin kogi ya ga yadda yake ƙaruwa daga safe zuwa yamma. Haka kuma Rai Buba tana sama da madatsar ne, don haka buɗe ƙofofin Lagdo damuwar mutanen Pitowa da Garwa da Yola ce.

Ta biyun ita ce ba ta sallama, kuma ita ce ta fi shafar matafiyi. Ruwa ya tsuge a kan tsauni na sa'a ɗaya ko biyu, ƙananan ƙoramu su tattaro shi su zuba a mayo guda, sai ya taho gaba ɗaya kamar bango, yana tura kututture da kara da kumfa. A farkon damina ƙasa ta bushe ta yi tauri, ba ta shan ruwa da sauri, sai ya bi ta kanta ya wuce. A lokacin marka kuwa, wato Agusta da Satumba, ƙasa ta riga ta ƙoshi, ko kaɗan aka ƙara mata sai ta amayar. Baƙar lakar nan ta karal da ake dasa masakwa a cikinta, idan ta sha ruwa kumbura take yi ta toshe, ta zama santsi, inda ko ruwa bai ci mota ba laka za ta riƙe ta.

Mun ga abin da irin wannan ruwa ke yi. A ƙarshen watan Agusta na 2020 gadar Palar da ke Marwa ta karye bayan ruwa mai yawa, hanyar Mora da Kusiri ta yanke, manyan motoci suka yi cirko-cirko. A Satumbar 2024 wata gada ta rufta a Yagwa, a cikin watan da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri har cikin Kasuwar Monday. A ƙarshen watan Mayu na 2025, ruwan dare ɗaya ya afka wa Mokwa a jihar Neja, garin da fatake ke yada zango tsakanin arewa da kudu, fiye da mutum 150 suka rasu, da yawansu suna cikin barci. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

A bakin mayo

Yawancin mashigan da ke kan hanyoyin ƙauye ba su da gada, sai daɓen siminti da aka shimfiɗa a gindin mayo, wanda direbobi ke kira radiye, wasu ma ko shi babu. A nan ne ake yin gardamar da ke jawo asara, inda masu kaya ke matsa wa direba don kada kasuwa ta watse, direba kuma yana jin kunyar a ce ya ji tsoro. Ya kamata kowa ya riƙe wannan lissafi. Ruwa mai gudu da ya ɗan wuce idon sawu, kimanin santimita 15, yana iya kayar da babban mutum. Wanda ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, balle babur. Wanda ya wuce gwiwa, santimita 60, yana iya tafiya da motar ɗaukar kaya. Dalili kuwa, ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe nauyinsa tan guda ne, daidai da buhun siminti 20, kuma ga shi yana gudu. Sa'annan ruwan da ya yi ja ba ya nuna ko ya riga ya cinye gefen daɓen.

Mayo ma yana da nasa alamomin. Idan ruwan da ke kwance garau ya fara gurɓacewa, ko aka ga ganye da kara da kumfa suna wucewa, ko aka ji ruri daga sama kamar na babbar mota alhali babu mota, to a bar cikin rairayi a hau tudu nan take, ko da kuwa babu ɗigon gajimare a sama. Kada a yada zango ko a ajiye mota a cikin mayo don ana jin daɗin rairayi, kada kuma a tsallaka da dare. Abin da ke kwantar da hankali shi ne, irin wannan ruwa yadda ya zo da sauri haka yake janyewa, sau da yawa jiran 'yan sa'o'i ya isa. Kuɗin kwana ɗaya a bakin mayo bai kai kuɗin buhu ɗaya na sukari ba.

Game da tsawa kuma, akwai hanyar sanin nisanta. Da ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙarar, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Idan bai kai daƙiƙa 30 ba, aradu na iya sauka inda kake. A guji fakewa a gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai, abin da 'yan tike da masu babur suka saba yi. Masunta da masu fito a tafkin Lagdo su nemi gaɓa tun hadari na nesa. Ginin da ke da rufi da bango, ko cikin mota mai rufin ƙarfe an ɗaga gilasai, sun fi rumfar kasuwa aminci. Wayar hannu ba ta jawo aradu kamar yadda ake yaɗawa, sai dai a guji taɓa wadda ke jone da wuta. Bayan tsawa ta ƙarshe a ƙara minti 30 kafin a fito.

Kaya da sito

Wanda ke da sito ya fara shiri tun bazara. A duba kwano da ƙusoshi, a yi yaɓe, a yashe kwata, a ɗora buhuna a kan katako ko duwatsu, a kuma bar tazara tsakaninsu da bango. Siminti, sukari, gishiri, fulawa da takin zamani su ne na farko da za a ɗaga sama, domin su ba a shanya su. Masara da gyaɗa kuwa, idan suka sha danshi suka yi funfuna, suna haifar da guba mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta, saboda haka sayar da irin wannan hatsi cutar da jama'a ne. Takardun kwastan da littafin bashi da kuɗi a sa su a leda a rataye. A tafiya kuma a yi sammako, a lissafa yadda za a tsallake mashigai masu haɗari kafin azahar.

Waya biyu kafin a tashi

Hukumomin hasashen yanayi suna nan suna aiki. A Kamaru akwai sashen kula da yanayi na ma'aikatar sufuri, da hukumar ONACC mai sa ido kan sauyin yanayi, wadda ke fitar da sanarwa duk bayan kwana goma. A Nijeriya akwai NiMet mai hasashen damina a farkon kowace shekara, da NIHSA mai hasashen ambaliya, a Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET. A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alƙawarin cewa kafin ƙarshen 2027 gargaɗin gaggawa zai riƙa isa ga kowane mutum a duniya. Matsalar ita ce yawancin waɗannan sanarwoyi da Faransanci ko Ingilishi suke fitowa, kuma suna magana ne a kan yanki baki ɗaya. Za su gaya maka cewa za a yi ruwa mai yawa a Mayo-Rey cikin kwanaki goma masu zuwa, amma ba za su gaya maka halin da mashigin da ke gabanka yake ciki da ƙarfe uku na yau ba.

Wannan labarin yana hannunmu, mu da kanmu. Kusan kowane ɗan kasuwa yana da waya, yana kuma da abokin hulɗa a kowane gari. Kullum muna kiran juna mu tambayi farashin masara da canjin sefa da naira. To a ƙara tambaya biyu. Kira na farko a yi shi gabas, a tambayi na Madingirin ko na Mundu ko hadari ya taso a wurinsu, domin abin da ya same su shi ke tafe. Kira na biyu a yi shi tudu, wato wajen wanda ke zaune a saman mayon da za a tsallaka, a tambaye shi ko an yi ruwa daren jiya ko da rana. Wanda aka yi ruwa a garinsu kuma kada ya jira a tambaye shi, ya kira na ƙasa da shi.

Muna kira ga sarakunan kasuwa da na tasha da shugabannin direbobi da su mayar da wannan abu tsari. Kowace tasha ta rubuta lambobin mutum ɗaya ko biyu da ke zaune kusa da kowane mashigi, ta manna a allo, kuma kada a sallami mota a lokacin marka sai an ji daga gare su. Jauro da lawan na garuruwan bakin mayo za su iya sa a kafa sanda mai alamar ja a kowane mashigi, yadda idan ruwa ya taɓa jan babu sauran gardama tsakanin direba da masu kaya. Zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa su ba labarin ruwa muhimmancin da suke ba labarin farashi, da sharaɗin a faɗi wuri da lokaci, a kuma daina tura tsofaffin hotuna. Mu kuma ma'aikatan gidajen rediyon al'umma, haƙƙinmu ne mu fassara sanarwar hukuma zuwa Hausa da Fulatanci da sauran harsunan yankin, mu karɓi kiran masu sauraro daga ƙauyuka, mu faɗa a kan lokaci.

Damina ita ce arzikin wannan ƙasa. Ita ke kawo masara da gyaɗa da audugar da muke saye muna sayarwa, ita ke cika Lagdo da kifi, ita ke ba shanu ciyawa. Ba mai ƙin ta, sai dai a san yadda za a zauna da ita. Kasuwar da ta wuce ka wannan mako za ta sake ci mako mai zuwa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya.